Ciyawar Zakari

Duk bakin tabkin Madarumfa, Zakari kaɗai ya rage mai barin ciyawa a fadamarsa. Maƙwabta sun share tasu tuni, sun zuba tumatir da albasa. Masuntan da suka taso tare, wasu sun rasu, wasu sun rataye taru sun tafi Ɗan Issa dako. Taurin kai gare shi, amma ni ban ga laifinsa ba.

A da, idan gulbi ya kawo ya malale fadama, tarwada kan biyo ruwan ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai. Daga nan kifin tabki yake fitowa. Tun da aka gina baraji aka datse gulbin can ƙetaren iyaka, ruwa ya daina bin damina, sai ranar da aka ga damar buɗe masa ƙofa.

'Yarsa Sa'adatu, da ke aure a Safo, ta gaji da roƙo.

"Baba, ka taho wurinmu mana. Kihin nan ba shi dawowa, masu baraji sun riƙe ruwan."

"In ya zo bai iske ciyawa ba hwa?" in ji shi. "Ina za shi aje ƙwai?"

Haka ya zauna yana korar awakin mutane, babu mai ce masa sannu. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

Bana, kwatsam aka saki ruwa. Da safe ya tarar fadama ta cika, tarwada na birgima cikin ciyawa har bayanta na fitowa. Ya shiga iya gwiwa yana dariya, ya waiwaya don ya nuna wa wani, babu kowa. Ko ɗaya bai kama ba.

Washegari aka rufe ƙofar. Kafin azahar ruwan ya janye, ya bar ƙwai manne a ganyen ciyawa, ƙanana kamar gero, rana na dukansu. Zakari ya ɗauki ƙwarya, ya yi ta ɗebo ruwa daga tabki yana yayyafawa har ƙafafunsa suka ƙi. Da la'asar ya murza wasu a yatsa, ya ji sun bushe.

Ya aika wa Sa'adatu ta turo amalanken jaki ya ɗauke shi. Da mai jakin ya iso, ya dubi fadamar ya ce, "Malam, wagga ciyawa haka ba mai so? In yanke ta in ba jakina?"

"Yanka," in ji Zakari. Ya hau amalanken ya zauna, ya ba tabkin baya.