Jar Motar Sha'aban Makaniki

"Baba, don Allah kar ka tsallaka igiyar nan!"

Ina! Kafin in rufe baki ya miƙe daga keken da nake tura shi a ciki, ya tsallaka igiyar, ya ɗora tafin hannunsa a kan jar motar. Mutumin da likitoci suka ce huhunsa ya gama aiki ke nan fa.

Baba Halliru maƙwabcina ne a Handsworth. Bango ɗaya ya raba mu, daga kicin ina jin tarinsa. Injiniya ne mai ritaya, matarsa ta rasu, ɗansa tilo yana Kanada. A talabijin ya ga za a nuna wata tsohuwar motar tsere ta Italiya a baje kolin motoci nan Birmingham, ya ce ta mahaifinsa ce. Ya hana ni sakat sai da na ɗauki hutu a wurin aiki na kawo shi.

Wani Bature mai farar safar hannu ya taho da sauri. Shi ne mai kula da motar. Da ya ga bututun iska a hancin Baba sai ya sassauta, ya zaunar da shi, ya shiga ba mu tarihinta da Turanci. A wani ƙaramin gareji aka ƙera ta a arewacin Italiya, bayan yaƙin duniya. Ɗan wani mai gonar inabi ya yi tsere da ita a tsaunukan Sisili ya zo na biyu, da shekara ta zagayo ya kifa da ita cikin kwari. Aka gyara ta, wani likita a Faransa ya saya, daga shi sai wani injiniyan Ingila da ya tafi da ita Afirka.

"Daga nan sai ta ɓata," in ji shi, yana nuna mana allon da ke gefenta. "Ba wanda ya san inda take, sai da aka tsince ta a gonar wani mutum a nan Ingila."

"Ba ta ɓata ba," in ji Baba. "Tana Bukuru, a gidan ubana."

Ya faɗa masa komai, yana yi yana tsayawa ya ja numfashi. Mahaifinsa, Sha'aban, makaniki ne a kamfanin haƙar kuza. Da injiniyan nan na Ingila zai koma gida sai ya sayar masa da ita. Ya shiga da ita tseren hawan dutse da Turawan kamfanin ke yi, ya bar su suna shaƙar hayaƙinsa. Bayan ya rasu, wajen rabon gado, aka sayar wa wani malamin makaranta Bature.

"Abu ɗaya nake so," in ji Baba. "A rubuta sunansa a wannan gurbin da kuka bari."

Baturen ya tambayi takardar ciniki. Baba ya dube shi kamar ya tambayi abin kunya.

"Wace takarda? A gaban shaidu aka yi. Wannan ya ce na sayar, wannan ya ce na saya, aka yi fatiha."

Hoto fa? Wuta ta cinye gidansu lokacin rikicin Jos.

Sai idon Baba ya yi haske. "Ka duba kujerar direba. Babana ya sa baduku ya rufe masa ita da jar fatar akuya, da zane a jiki."

Baturen ya ce lallai ya ji an samu wata baƙuwar fata lokacin da ake gyaran motar. An cire ta an zubar, don ba ta asali ba ce. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa mari, ko da yake bawan Allah da ladabinsa ya faɗa. Ya ce in mun samo wata hujja ƙofa a buɗe take.

A hanyar gida Baba ya ce, "Ruƙayya, akwai shaida. Gimba yana raye. Yaron shagon babana ne, a gabansa aka yi cinikin. Yana Salford wajen 'yarsa."

"Baba, mutanen nan ba sa karɓar bakin mutum. Kuma kana da appointment da likita jibi."

"Dattijo mai furfura ya ce ya gani da idonsa, a ce ba a yarda ba? Haba ke kuwa."

Shekarunsa a ƙasar nan sun fi nawa a duniya, amma a wannan ya ƙi ganewa. Na yi mita, na yi tsaki, ranar Asabar dai na loda shi da tukunyar iskarsa muka hau babbar hanyar zuwa Salford.

Gidan nasu yana hawa na sama a wani dogon bene, daga taga ana hango tram, jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa. 'Yar Malam Gimba ta tare mu a ƙofa, ta rage murya.

"Na gaya muku a waya fa. He doesn't really know people yanzu, ba ya gane mutane. Ko ni wani lokaci tambayata yake 'yar wace ce."

Tsohon yana zaune an lulluɓe masa ƙafa da bargo. Yana ganin Baba Halliru ya yi yunƙurin durƙusawa.

"Maigida! Sannu da zuwa, Maigida. Na share shagon."

Mahaifin Baba yake gani. Baba ya riƙe hannunsa.

"Gimba, ni ne Halliru. Dubi nan." Ya karɓi wayata ya nuna masa hoton da na ɗauka. "Ka tuna ta?"

Malam Gimba ya daɗe yana kallo. Na danna ɗaukar murya ina addu'a a zuci.

"Kai, mota mai kyau," ya ce. "Ta wa ce?"

A hanyarmu ta komawa Birmingham Baba ya jingina kansa da tagar mota. Ni kuwa kuka ne ya ci ƙarfina a wani gidan mai, na fake da zuwa banɗaki.

Daga ranar bai ƙara sauka daga gado ba. Nas ta riƙa zuwa safe da yamma, ni kuma in kai masa kunu ya kurɓa ya ture. Ranar Laraba da hantsi ya kira ni da hannu.

"Ke kin yarda?"

"Na yarda mana, Baba."

"To ke kaɗai ce. Ke ma ba ki gani ba." Ya juya fuska wajen bango. "Ya yi tsere ya ci, Ruƙayya. Na gani, ina kan kafaɗar kawuna."

Bayan la'asar ya cika, ina karanta masa Yasin. Ɗansa yana cikin jirgi a lokacin.

Na kira Baturen daga baya, don raina ya ƙi kwanciya. Ya yi min ta'aziyya sosai. Ya ce motar ta samu sabon mai ita, an wuce da ita wata ƙasa, da tarihinta yadda yake.

Da aka kwana biyu ɗan Baba ya roƙe ni in kai shi maƙabarta kafin ya koma. Ana yayyafi. Ƙasar kabarin ba ta gama kwanciya ba, an kafa ɗan katako a kai, wani daga masallaci ya rubuta da baƙar tawada: Halliru a sama, Sha'aban a ƙasa. A duk faɗin Ingila nan ne kaɗai aka rubuta sunan makanikin. Ruwa yana gangarowa a jikin katakon, tawadar layin ƙasa ta fara bin sa zuwa cikin laka.