Kwalbar da Corrado Ya Mayar

Sati uku na yi ina shirya wannan cin abincin rana. Baba bai taɓa ganin saurayina Corrado ba, wanda ke kula da giyar inabi a wani gidan abincin Italiyawa a Adelaide. Burina ɗaya ne, Baba ya koma gonarsa ta inabi a kwarin Barossa bai ce "yaron nan bai yi ba." In ya faɗa, ba ya janyewa.

Ya shigo gidan abincin da takalmin gona, ya zauna yana kallon kwalaben da aka jera har rufi.

"Freya, duk waɗannan daga Turai? Namu inabin kisa yake yi?"

"Baba, a hankali mana."

Aka kawo taliya da naman rago. Corrado ya iso da kwalba daga garin kakansa a Turai, ya zare toshiyar itacen da ke bakinta, ya zuba kaɗan a kofin Baba don ya ɗanɗana, kamar yadda ake yi wa babba a tebur.

Baba ya shinshina. Hancinsa ya motsa irin motsin da yake yi in ruwan sama ya ruɓar masa da inabi. Amma sai ya ajiye kofin ya ce, "Ba laifi. Zuba."

Na san wannan "ba laifi" tun ina yarinya. Sai na tura kofin da yatsa ɗaya zuwa gaban Corrado.

Ya ɗauka, ya kai hanci. Kunnuwansa suka yi ja.

"Yallaɓai, wannan ta lalace. Toshiyar ce, warin jiƙaƙƙen kwali take yi. Ka ji, ko?"

"Tun kana buɗewa."

"Kuma ka ce in zuba?"

"So nake in ga ko wannan dogon hancin naka na ado ne." Baba ya harare ni. "Ke kuma na ga yatsanki."

"Ai kullum ita ke cetona," in ji Corrado.

Ya tafi da kwalbar, ya dawo da wata mai murfin murɗawa, daga kwarinmu. Baba ya juya ta, ya karanta sunan gonar, ya yi tsaki.

"Ta maƙwabcina Lothar ce. Mutumin banza, amma ya iya giya. Mu mun bar toshiyar itace tun kana goyo, yaro."

Ya sha kofi biyu, ya share miyar da burodi, har ya karɓi ragowar taliyata. Ni dai ina ta murza adiko a cinya, ina jin daɗin hayaniyar cokula.

Da muka tashi, Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi takalmin Corrado mai sheƙi.

"Asabar za mu fara tsinkar inabi, ƙarfe biyar na asuba. Ka zo da hancin. Takalmin kuwa ka bar shi a gida."