Lambobin Ƙarƙashin Tebur

Auta ba ta taɓa auna Yayarta daga gaba ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ɗinki a ɗan shagonta da ke tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kuma duk macen da ta shigo gaba da gaba suke tsayawa, a zagaya tef, a karanta lamba kowa yana gani. Amma in Yaya ce, sai Auta ta ce, "Juya, Yaya, ɗaga hannu," ta haɗa bakin tef ɗin a gadon bayanta, inda ido ba ya kaiwa.

"Nawa?"

"Arba'in da huɗu. Kina nan yadda kike."

Ƙarya ce tsagwaronta, hamsin ne cif. Auta takan rubuta arba'in da huɗu a littafin awo a gaban Yaya. Da ta fita kuma sai ta durƙusa ta rubuta lambar gaskiya da alli a ƙarƙashin teburin yanka, da kwanan wata, don da ita za ta yanka yadin.

Kada wani ya yi saurin zagin Auta. Yaya malamar firamare ce, aji uku take koyarwa, kuma tun tana yarinya Allah ya ba ta jiki. Ita ta goyi Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta saya mata keken ɗinkinta na farko. Shekara bakwai da suka wuce ta je awon ciki asibiti, wata nas ta ɗora ta a sikeli ta faɗi nauyinta da ƙarfi har bencin baya ya ji, wata mara kunya a layi ta ce ai da an kawo mata sikelin buhu. Aka tuntsire da dariya. Daga asibitin shagon Auta ta nufa, ta zauna a kan tulin ƙyallaye ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ta rantse ita da sikeli har abada. Bayan haihuwa da ta zo awon riga, ta tambayi lamba da wata irin murya, sai kawai bakin Auta ya ce arba'in da huɗu. A kan lambar nan suka tsaya shekara bakwai, Yaya tana ƙaruwa a ƙarƙashin tebur, a littafi kuwa ko motsi ba ta yi.

To, sai bana Yaya ta sayi kambas ta fara tafiya makaranta a ƙafa. Kafin wata guda jiki ya soma zubewa. Malaman makaranta suka shiga yaba ta, maƙwabta suna tambayar sirrin, maigidanta da ya shekara ashirin yana kiranta "Motar Kaya" ya fara cewa amarya ta dawo. Duk Asabar sai ta zo da riguna a leda a rage mata, tana shigowa tana juyi a gaban madubi. Auta ba ta taɓa ganinta da fara'a irin wannan ba, ita ma ta taya ta murna da zuciya ɗaya.

Sai dai lambobin ƙarƙashin tebur gudu suke yi. Hamsin ta koma arba'in da bakwai, ta koma arba'in da biyar, ta koma arba'in da biyu. Ita kuwa Auta da ta fara daga arba'in da huɗu, dole ta riƙa sakko da tata ƙaryar sannu a hankali, inci ɗaya kowane wata, don kada asiri ya tonu. Har ranta ta ji daɗi, tana ganin in gaskiyar ta tarar da ƙaryar shi ke nan ta huta, ba wanda zai taɓa sani.

Ranar da gaskiyar da ƙaryar suka haɗu ɗin Asabar ce da hantsi. Yaya ta shigo da yadi ruwan toka mai laushi, ta ce za a ɗauki hoton malamai ƙarshen wata, kuma bana a layin gaba za ta tsaya. Shekara da shekaru a baya take laɓewa, kanta kawai ke fitowa.

"Mai kama jiki nake so. Kada ki yi mini buhun nan naki."

Auta ta zagaya tef ta baya. Arba'in. Ta faɗa, kuma karo na farko cikin shekara bakwai abin da ta gani shi ta faɗa. Amma hannunta ya taɓa haƙarƙari, fatar damtsen Yaya kuma tana lilo kamar rigar aro.

Kafin a gama awo Yaya ta shanye gorar ruwa biyu ta nemi ta uku. Sau biyu tana fita ban ɗakin bayan shaguna. Da ta dawo ta zauna ta cire kambas ɗin hagu tana cije baki, ƙaramin yatsan a naɗe da auduga.

"Har yanzu ciwon nan bai warke ba? Ai ya yi sati uku."

"Takalmi ne ya ci ni, zai warke."

"Yaya, ramar nan ba ta yi sauri ba kuwa?"

Yaya ta yi dariya. "Ke ma kin fara? Ai na tambayi nas ɗin makarantarmu, don maigida ya dame ni. Ta ce in hau sikeli, na ce Allah ya kiyaye, ina da tela. Ta ce to nawa na rage? Na ce inci huɗu a wata huɗu. Ta ce wannan daidai ne ga mai tafiya a ƙafa, in ci gaba, Allah ya ƙara lafiya."

Auta ta san ba huɗu ba ne. Inci goma ne. Da lambar ƙaryarta aka je gaban nas, da lambarta aka sallami Yaya.

Nan ne ya kamata ta yi magana, kuma ta san haka sarai. Amma ta dubi Yaya tana kara yadin a ƙirjinta a gaban madubi tana murmushi, sai ta ji ba za ta iya ba. In ta faɗa, abu biyu za ta ƙwace mata lokaci guda: ramar da ake yabo, da shekara bakwai na arba'in da huɗu. Tsoro ne ya hana ta, ba wani abu ba. Ta ce wa ranta bari a ɗauki hoton tukuna, ta ce wa Yaya ta dawo Asabar gwaji.

Satin nan Auta ba ta ji daɗin komai ba. Ta ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, ta soke yatsanta da allura sau biyu. Rigar Yaya dai ta ɗinke ta tsaf, ta bar rarar inci uku a cikin kowane gefe, yadda take yi wa duk wadda take zaton jikinta zai dawo.

Ranar Asabar Yaya ba da kambas ta zo ba. Silifas ta sa, tana jan ƙafa, ta dafa ƙofar shago ta huta kafin ta shigo. Da ta zauna, wani wari ya taso daga bandejin, ya danne ƙamshin turaren da ta fesa. Duk da haka rigar ta fara tambaya.

Auta ta rufe ƙofa. Ta kwashe almakashi da yadika daga kan tebur, ta kama gefensa ta kwantar da shi a ƙasa, ƙarƙashinsa ya fuskanci Yaya.

"Me ke nan? Ɓera ne?"

"Awonki ne, Yaya. Na gaskiya."

Malama ce, ba ta bukatar a yi mata bayanin lissafi. Ta matso da kujera, ta ƙanƙance ido don ganinta ma ya fara hazo kwanan nan, ta bi layin allin da yatsa daga sama. Arba'in da takwas, da kwanan watan shekarar da ta haifi autarta. Arba'in da tara. Hamsin, hamsin, hamsin. Sannan gangarar wata huɗu.

"Inci goma kika rage, ba huɗu ba," in ji Auta. "Ga ƙishirwar nan, ga ƙafar nan. Don Allah mu tafi asibiti yanzu."

Yaya ba ta ko dubi ƙasan layin ba. Yatsanta na kan hamsin ɗin.

"Haka nake yawo a gari?"

"Yaya, ƙafarki..."

"Ina tsayawa a ɗakin malamai ina cewa ni shekara bakwai ban ƙara ko inci ba, telata ce shaida. Ashe dariya suke mini a ciki." Ta ɗago, idonta a bushe. "Ke ma da na goya a bayan nan, kallona kike kina tausayi."

"Ba na son in ga kina kuka ne."

"To ga shi ba na yi."

Sun tafi asibitin a ranar. Yaya ta hau sikeli da kanta ba tare da an roƙe ta ba, ta kau da kai. Aka ɗebi jini a yatsa, nas ta dubi na'urar ta tashi da sauri ta kira likita. Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin ta. Likitan ya warware bandejin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya yaushe ramar ta fara, me ya sa ba a zo ba tun tuni. Yaya ta ce an gaya mata kaɗan ta rage. Ya ce wa ya gaya mata? Yaya ta juya ta kalli bango. Auta na tsaye a bakin labule riƙe da jakar Yaya, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Kwana goma sha biyu ta yi a gado. Ƙafar ta tsira, ƙaramin yatsan bai tsira ba. Likita ya ce da an zo da wuri, ko da da sati ɗaya ne, wataƙila da ba a kai ga yanka ba. Wannan "sati ɗaya" ya zauna wa Auta a ƙirji, ba ta gaya wa kowa ba. An ɗauki hoton malamai ba Yaya. Kullum Auta takan rufe shago ta je ta wanke ta, ta shafa mata mai. Sau ɗaya kawai Yaya ta taɓa zancen, tana kallon silin.

"Wata huɗu a rayuwata aka ce na yi kyau. Ashe ciwo ake yaba wa."

Bayan wata biyu, da allurai da magani, jiki ya fara dawowa. Wata Asabar sai ga ta a ƙofar shago da sanda, rigar ruwan tokar nan a leda. Ko sau ɗaya ba ta sa ta ba, ga shi har ta yi mata kaɗan.

"A buɗe mini ita."

"Akwai rara a ciki, Yaya. Na bari."

"Kin bari," in ji Yaya. "Ashe kin san zai dawo."

Auta ta ajiye rigar a kan tebur. Ta ɗauko tef daga wuyanta, hannu ya san aikinsa, ta zagaya ta tsaya a bayanta.

"Ɗaga hannu, Yaya."

Yaya ba ta ɗaga ba. Ta jingine sandar da bango, ta juyo a hankali a kan ƙafar mai lafiya har suka fuskanci juna, kamar kowace mace da ke shigowa shagon. Ta karɓi bakin tef ɗin daga hannun Auta, ta zagaya shi da kanta, ta haɗa shi a kan cikinta, ta danne da babban yatsa. Ta sa gilashin da aka ba ta a asibiti, ta sunkuya ta karanta.

"Arba'in da uku. Miƙo littafin, ni zan rubuta."

Auta ta miƙa mata littafin da biro.