Shekara ta Ɗari

Litinin ta farko a shekara ta ɗari, a lissafinmu na Taiwan, ƙarfe bakwai na safe, kwamfutar asibitin wankin ƙoda da nake kula da ita a garin Chiayi ta ce ba mu da majinyaci ko ɗaya.

Ga su kuwa a kan benci, su goma sha huɗu. Wata tsohuwa, A-ma Kim, ita ce a gaba, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ba a ɗora kowa a kan inji sai an ga nauyinsa da maganin da jininsa ba ya ɗauka, kuma duk suna cikin ma'ajiyar bayanan kwamfutar.

Babana ne ya rubuta manhajar kafin shanyewar jiki ta kwantar da shi, a gefensa na koyi ɗan abin da na sani. Gurbin lamba biyu kacal ya ba shekara, sai ɗari ta koma sifili biyu. Kuma kowane shafi na manhajar da kansa yake shiga ma'ajiya ya yi lissafin kwanan wata. Tun lokacin kaka nake bin su ɗaya bayan ɗaya, na gyara talatin da ɗaya, ban gama ba.

Babbar nas, Yaya Siok-hun, ta leƙo ta kafaɗata.

"A-Kun, me ta ce?"

"Wai ba a haife su ba tukuna."

"A-ma, kin ji? Sai ki koma ciki!" Ta yi dariya. Ta rage murya. "Kwana uku rabonta da wankin ƙoda. Minti goma na ba ka, gwanin kwamfuta."

Na kira gida, Mama ta kara wa Baba wayar a kunne.

"Baba, wuri nawa ka sa lissafin shekara?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. "Ko'ina," ya ce. Sai na ji yana kuka.

Na zauna ina kallon agogon kwamfutar. A-ma Kim tana numfashi sama-sama. Na kama agogon na mai da shi ranar ƙarshe ta shekara ta casa'in da tara. Sunaye suka zubo. Yaya Siok-hun ta fizge takardar sunayen tun ba ta gama fitowa daga injin bugawa ba, ta yi ciki da A-ma.

Na daina bin shafuka. Ƙofa ɗaya mai lissafin kwanan wata nake ginawa a manhajar, wadda kowane shafi zai bi kafin ya taɓa ma'ajiya. Kullum da safe nakan mai da agogon baya, nas-nas suna gyara kwanan wata da biro. Yau kwananmu goma sha tara a bara.