Dasashin Ɗan Nayibe

Shekarata goma sha tara ina aikin jinya a ɗakin masu jego na asibitin Buenaventura, wani gari a bakin teku, kuma ba na son a koya mini aikina, balle a ce ungozomar ƙauye ce za ta koya mini.

Ranar Talata da hantsi na rubuta wa Nayibe Angulo takardar sallama. Kwanan ɗanta uku a duniya, kuma jirgin ruwan da zai mayar da su ƙauyensu, tafiyar awa shida a kogi, zai tashi ƙarfe biyu. Na duba yaron yadda aka koya mana a makaranta. Na kai shi bakin taga, na danna goshinsa da yatsa, ban ga rawaya ba. A layin ciwon shawara na rubuta babu.

Sai ga Doña Eufrosina, tsohuwar ungozomar da ta rako Nayibe, da kwalbar jiƙon ganyenta a jaka. Ta ce barcin yaron ya yi yawa, nono ma sai an tashe shi. Na ce duk jarirai haka suke. Ta ce ita dai ba ta yarda ba. Raina ya ɓaci, na nuna mata hoton da ke manne a bango tun kafin in fara aiki, na jariri mai shawara, jikinsa rawaya fatau.

Ta daɗe tana kallon hoton.

"'Yata, wannan ai ɗan farare ne. Dubi hannunki, dubi nawa. Ta ina rawaya za ta fito a nan?"

Ta ɗaga leɓen yaron da ɗan yatsanta. Dasashinsa kamar kwaiduwar ƙwai. Ta buɗe idonsa, farin ma haka. Nan take na kira likita, aka ɗebi jinin yaron.

Da sakamakon gwajin jini ya fito, likita ta karanta shi sau biyu. Ta ce da yaron ya shiga jirgin nan, cikin kwana biyu ciwon zai taɓa ƙwaƙwalwarsa, ko ya tafi da jinsa. Aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido. Nayibe ta kama rigata tana tambaya ko zai warke. Likita ta ce an kama shi a kan lokaci, da ƙyar.

Kunya ta kama ni, da haushin kaina. Ni baƙa ce, kusan duk matan ɗakin baƙaƙe ne, amma shekara goma sha tara ina neman ciwon 'ya'yanmu a fatar da ba tamu ba.

Eufrosina ba ta yi mini gori ba. Ta tambaye ni a hankali, "Yau shi kaɗai kika sallama?"

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙarfe bakwai na safe na sallami Marleny Riascos da 'yarta. Goshi kawai na danna. Ita ma uwar ta ce yarinyar ba ta da rigima, barci kawai take yi, har na yi mata barka.

Na fita da gudu da kayan aikina, na hau babur zuwa tashar jiragen ruwa. Mai yanka tikiti ya ce jirgin kogin Naya, mai zuwa ƙauyen su Marleny, ya tashi da su awa uku da suka wuce. Na tambayi lambar wayar wani a ƙauyen. Ya ce can waya ba ta shiga, jirgi na gaba kuma sai Juma'a.