Sef ɗin da Ba Zan Iya Buɗewa Ba

Ni na fara lura ana taɓa bindigar. Fistol ce ta Baba, ƙirar maƙeran garin Darra, tana kwance cikin akwatin barguna a ɗakinsa, naɗe da koren ƙyalle. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ɗauko ta in goge, in sa mata mai. Ni mai walda ne, ba na iya ganin ƙarfe yana tsatsa in kau da kai. Idan na gama nakan ɗaure ƙyallen da ƙulli biyu, na biyun in murɗa shi hagu. Mako uku a jere ina tarar da ƙullin ya koma dama.

Ban wahalar da kaina da tunani ba. Zarak ne, ƙanena.

Wata bakwai ke nan da aka harbe yayanmu Gulrez a bakin magudanar gona, a kan rabon ruwa. Ba wanda ya gani, amma duk ƙauyen ya san hannun Janas ne, ɗan baffanmu. Dattawan jirga, majalisar sulhun ƙauye, suka zauna suka ajiye dutse tsakanin gidajen biyu: shekara guda ba mai ɗaga makami, har su gama yanke hukunci. Wanda ya karya, a cinna wa gidansu wuta, a kore su daga ƙauyen da matansu da 'ya'yansu. Gidanmu kuwa kakan Baba ne ya gina shi, kuma marayun Gulrez uku suna ciki. Ranar jana'iza Zarak ya tsaya a bakin kabari yana kuka yana rantsuwa sai ya ga bayan Janas, sai da ƙarti huɗu suka riƙe shi. Ni na tarbi baƙi, ni na raba shayi.

Tun daga ranar ni ne mai sa ido a gidan. Na san Janas yana fita da tarakta Litinin da Alhamis da hantsi, na san gadar da yake bi, na san yakan tsaya kusa da gadar, wajen wata bishiya da muke kira tut, ya sa asara a baki, kuma ba ya waiwaye. Wani zai ce me ya kai ni. To in ban sani ba, wa zai tsare gidan?

Na sami Baba a zaure yana jan carbi, na faɗa masa zancen ƙullin. Ya daɗe yana dubana.

"Ya koma dama, ka ce?"

"Sau uku, Baba. Yaron nan zai jawo mana wuta."

"To," in ji shi. "Gobe mu shiga birnin Peshawar mu sayi sef, akwatin ƙarfe mai makulli. Kai ka san ƙarfe, kai za ka zaɓa."

Da safe Zarak ya raka mu bakin titi yana hamma. "Lala, ku taho mini da kebab," ya ce da ni. Lala yake kirana, wato yaya, kebab kuwa gasasshen nama ne. Na dube shi ƙasa-ƙasa. Mutum yana buɗe akwatin mahaifinsa a ɓoye, kuma ya iya tsayawa yana zancen kebab. Na ji haushinsa har cikin raina.

Shagon farko duk gilashi ne da fitilu. Mai shagon ya sha turare har yana hawa kai, ya dinga "Haji, bismillah, Haji, zauna", ya jawo wani ɗan sef baƙi mai lambobi, yana latsawa yana ƙara kamar wayar hannu. Baba bai ko taɓa shi ba. Ya juyo gare ni.

"Tajbar, wannan fa? Za ka iya buɗe shi?"

Na sa farce na ɓalle wata 'yar roba a gefen lambobin, sai ga ramin makulli a ɓoye. "Minti biyar, da ƙusa da waya. In ina sauri kuma in ɗauke shi ɗungurungum in sa a hammata."

Mai turare ya yi dariyar yaƙe ya kawo wani, wai shi yatsan mai shi kaɗai yake ganewa. Baba ya miƙa masa hannuwansa, duk kaushi da tsaga. "Ɗana, waɗannan ko ni ba na gane su." Ni kuwa na ƙwanƙwasa gefen abin, na ji gwangwani ne aka yi wa fenti. Na ce minti goma.

"Wane ƙauye za a kai muku?" in ji mai turare. "Muna da mota."

"Ina ruwanka da ƙauyenmu?" na ce.

Muka fito. A tsallaken titi wani mai jar hula yana cin gurasa a tsaye, yana kallonmu. Na riga na gan shi a tashar mota, ko kuwa mai kama da shi. Na ja Baba muka bi ta lungu, shi yana ta ƙorafin gwiwa.

Shago na biyu da na uku duk haka. Baba tambaya ɗaya yake yi, ni kuma ina ba da amsa. Wannan hinjinsa a waje yake, in yanke shi kafin shayi ya huce. Wancan sakatarsa siririya ce, sandar ƙarfe ta ishe ta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Shekara ashirin ina walda Baba bai taɓa tambayata komai a kan sana'ata ba, yau ga shi yana gyaɗa kai kamar ɗalibi.

Bayan azahar ya ce akwai wani tsoho da ya sani a bayan layin maƙera, gwanin maƙeri ne, ana kiransa Ustad Sabz Ali. Shagon rami ne kawai mai duhu, ba allon suna, ƙasa duk garin ƙarfe. Tsohon na zaune a kan buhu, tabarau ɗaure da zare. Suka rungume juna da Baba, suka yi ta tambayar lafiya har na gaji da tsayuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Kawai ya tashi ya yaye wani tsumma, sai ga sef, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, launin toka, ba ado ko ɗaya. Ramin makulli biyu.

Na ja Baba gefe. "Ya aka yi ya san abin da muke nema?"

"Sef yake sayarwa, Tajbar. Ka zaci kankana muka zo saya?"

"Matarsa ba 'yar ƙauyen surukan Janas ba ce?"

"Ta rasu shekara goma sha biyu."

"Danginta ba su rasu ba."

Tsohon ashe kunnensa garau. "Ɗan'uwa, wannan ɗan naka ɗan sanda ne?"

"Mai walda ne."

"Au, shi ya sa. Zo ka duba, malam mai walda, ka gaya mini inda na yi ƙarya."

Na durƙusa. Na gwada ɗaga shi, ko motsi bai yi ba. Hinji a ciki. Sakata uku, kowace kaurin babban yatsana. Bakin ƙofar ya haɗu har takarda ba ta shiga. Na ƙwanƙwasa gaba da gefe, ƙarar ta mutu nan take, alamar akwai siminti tsakanin ƙarfe biyu. Ustad ya ce sai an murɗa makullan biyu tare yake buɗewa, ɗaya shi kaɗai aikin banza ne. Na zura hannu ta baya na ƙwanƙwasa. Nan ƙarar ta ɗan bambanta. Farantin bayan falle ɗaya ne, an bar shi haka don bango zai rufe shi. Bangon ɗakin Baba kuwa na laka ne, bayansa rumbun hatsi. Mai injin yankan ƙarfe, in ya shiga ta rumbun, rabin awa ya ishe shi. Hannuna ya ɗan tsaya a wurin, sannan na janye.

"Wannan fa?" in ji Baba.

"Wannan ba zan iya ba."

Ban san abin da ya hana ni faɗin zancen bayan ba. Na gaya wa kaina Zarak ko kunna injin bai iya ba, to meye amfanin ɗaga wa tsoho hankali.

"Shi za mu ɗauka," Baba ya ce.

"Makulli fa?" na tambayi Ustad. "Wa ya san guda nawa ka yanka ka ajiye?"

Bai ji haushi ba. Ya jawo wani kwano cike da 'yan faranta na tagulla, haƙoran kwaɗo. Ya ce shi ba ya haɗa kwaɗo sai mai sef yana zaune. Mai shi zai zaɓi haƙoran da hannunsa, ya jera yadda ya ga dama, sannan a yanka makulli a gabansa, a ɗinke cikin ƙyalle a ɗiga jan kakin hatimi. "Kafin ku kai tasha na manta. Ni abin da na ci da safe ma ban tuna ba."

Na matso don in ga yadda ake yi. Sai Baba ya dafa kafaɗata.

"Je ka samo mana mai keken da zai ɗauka. Ka biya ka sayo wa Zarak kebab ɗinsa, na wajen tsohuwar ƙofar gari, ba na nan kusa ba."

"Baba, in bar ka kai kaɗai da shi?"

"Zai cinye ni ne? Je ka."

Na tafi, raina a dagule. Tafiyar rabin awa ce zuwa, rabin awa dawowa. Duk hanya ina lissafin yadda tsohon zai danna makullin a sabulu ya ɗauki siffarsa yayin da Baba ke shan koren shayi, da yadda sabulun zai isa hannun Janas. Da na dawo an gama. Ƙunshi biyu ɗinkakku da jan hatimi suna aljihun Baba, ko ƙyallin makullin ban gani ba. Na sa aka rufe sef ɗin da buhunan albasa, kada a gane abin da muka ɗauko.

Washegari da hantsi na fasa bangon ɗakin Baba na gyara gurbin. Zarak na miƙo mini siminti yana surutu. Da muka zaunar da sef ɗin a bakin gurbin, Baba ya ɗauko fistol ɗin daga akwatin barguna, ya zare harsasan, har da ɗaya da ke cikin bakin bindigar. Ya riƙe wannan ɗayan a tafin hannunsa ya ɗan jima, sannan ya sa duka a ciki. Ya farke ƙunshin farko, ya rataya makullin a wuyansa. Ya farke na biyu. Na goge hannuna a riga na miƙa.

Ya ba Zarak.

Zarak ya dubi makullin ya dube ni. "Baba, ai Lala ne babba."

"Na sani. Rataya a wuyanka. Ko wanka za ka yi kada ka cire. Je ka kawo mana ruwa."

Da ya fita na ce, "Shi ka ba? Shi da yake kwance ƙullin?"

"Ni nake kwance ƙullin."

Na dube shi, ya ci gaba.

"Kowace Asabar nakan buɗe in shinshina. Mako ukun nan ne na daina mayar da ƙullin yadda ka yi. Kowace Asabar sabon mai. Shekara talatin bindigar nan tana cikin akwatin, sau ɗaya a shekara nake goge ta, ba ta yi tsatsa ba. Wata biyu da suka wuce na fara samun harsashi a bakinta. In cire, Juma'a ta zagayo in tarar an mayar." Ya zauna a bakin gado yana murza gwiwa. "Zarak ya zubar da nasa a bakin kabari, kowa ya ji, ya yi kuka ya ƙoshi. Tambaye shi ranar da Janas ke fita da tarakta, bai sani ba. Kai fa?"

"Tsaron gida nake yi."

"Litinin da Alhamis. Ranakun nan ba ka buɗe shago sai azahar. Na bi ka sau biyu, da gwiwar nan tawa. Na ga inda kake tsayawa a bayan bishiyar tut."

Na so in ce ƙarya ne. Wata bakwai ina zargin mai shago da mai jar hula da matar da ta mutu shekara goma sha biyu, ban taɓa tambayar kaina me nake aunawa ba idan na tsaya a bayan bishiyar ina ƙirga taku tsakanina da gadar. Taku goma sha tara ne. Kunya ta rufe ni, tsoro kuma ya biyo baya, don na gane saura kaɗan.

"Na binne ɗaya," in ji Baba. "Ba zan binne na biyu ba, kuma ba zan tsaya a titi da 'ya'yan Gulrez ina kallon gidan nan yana ci da wuta ba. Saura wata biyar. Ka bar dattawa su yi aikinsu." Ya nuna sef ɗin da haɓa. "Kafin ka tura shi cikin bango, bayan nan da hannunka ya tsaya jiya. Ban san ƙarfe ba, amma na san hannunka. Me ke wurin?"

"Falle ɗaya ne," na ce. "Ta rumbu, rabin awa."

"To gyara shi."

Na je shago na ɗauko farantin da ya fi kowanne kauri, wanda na ajiye don ƙofar wani attajiri. Na jawo injin walda har ɗakin Baba, na sauke murfin fuska. A cikin duhun murfin nan, inda ba mai ganina, kukan Gulrez da ban yi ba tun ranar jana'iza ya zo mini, har gilashin ya yi hazo ina ɗinkin da ƙyar. Ban tsaya ba. Na bi gefe huɗun sau biyu, na ƙara ƙarfe a kusurwoyi, na cika bayan da siminti da tsakuwa.

Da na ɗaga murfin Zarak na tsaye da butar ruwa, makulli na lilo a ƙirjinsa.

"Lala, idonka ya yi ja."

"Ba walda ba ce," na ce masa. "Zuba mini in wanke fuska."

Baba ya taso ya ƙwanƙwasa sef ɗin da carbinsa. "Yanzu fa? Za ka iya buɗe shi?"

"A'a, Baba. Yanzu kam ba zan iya ba."