Layi a Wuyan Inna

...wai a Paris sai da ya yi awa biyu a tsaye bakin ƙofa. Awa biyu, don ya ga zanen wata mata! Ja'afar ke nan fa, wanda muka yi shekara uku muna cin wake a kwano ɗaya muna ɗalibai a unguwar Madinat Nasr. Wata shida kacal a Turai, har ya iya goya hannu a baya yana karkata kai kamar kaza ta hango shaho. Ya jawo ni gidan zane-zanen nan na unguwar Zamalek, wai in buɗe ido. Da a rufe yake?

Shiru kamar gidan makoki. Ga wata Baturiya can gaban zanen tuffa tana ajiyar zuciya — tuffa! Ki je kasuwa mana, baiwar Allah, ki ci ta gaske. Mai gadi kuma sai bin jallabiyata yake da ido, ya zaci bangon zan lasa.

Aikin banza, wallahi. Ranar ƙiyama za a ce masu zanen su busa wa hotunan rai, sai mu gani.

Haka Baffa ya ce ranar da ya kama littafin zanena... ina aji biyar. Bai doke ni ba. Da ma dukan ya yi. Biro ya miƙo min ya zauna, ni da hannuna na bi shafi-shafi ina ja wa kowa layi a wuya, don in an raba kai da jiki ya tashi daga hoto. Akuyarmu. Mai shayin bakin layinmu. Inna tana bakace — ita ce ta ƙarshe, na ja a hankali, kada ta ji zafi.

Ja'afar ya sani, da bakina na ba shi labari. Shi ya sa ya kawo ni, munafuki, so yake ya ga ko abin ya mutu. Ya mutu mana! Kada dai ya kalli fuskata.

"Yalla, mu je, Nata'ala, akwai wasu a sama."

Je ka. Ni wannan nake... zanen wata tsohuwa ne da faifai a hannu, ba wani abu ba. Wai gwani! Ko hannun bai iya ba. Babban yatsa ya yi tsawo, mai bakace ba haka take riƙo ba, wuyan hannu ne ke lanƙwasa, inuwar ta sauko nan, ƙasa kaɗan, sai a ɗan —

Innalillahi. Shekara goma sha huɗu ko ganye ban zana ba. To me yatsana yake yi a iska?

Kuma tun yaushe Ja'afar yake tsaye a bayana?